Robobin da Ke Ƙarƙashin Gadon Ɗiyata

Ni cikin ƙanshin sassaƙe na tashi. Gidanmu yana bayan Gobarau, in ka ɗaga kai daga tsakar gida kana hango kan hasumiyar, uwata kuwa mai jiƙo ce. Ba sana'a ta ɗauke shi ba, gado ta ishe. Mace ta haihu a unguwa, a zo wurinta. Yaro na haƙori, a zo wurinta. Tana da 'yan tukwanen ƙasa jere a bayan ɗaki, ta sabara daban, ta maɗaci daban, ta marke daban, ko ludayi ba ta haɗa masu. Jiƙo in ya kwana ya fara sauya wari, zubar da shi take, ko da mai shi na zaure yana jira. Ba ta taɓa miƙa ma mutum ƙoƙo ba sai ta fara kurɓa a gabanshi. In kuwa ciwo ya fi ƙarfinta, sai ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku yi gaba da shi." Haka na gani, haka na koya, haka na yi ma 'ya'yana da jikokina. Saboda haka duk abin da zan faɗa, kada wani ya ce tsohuwar nan ƙin maganin gida take. Ina son shi. Abin da na ishe ƙarƙashin gadon ɗiyata ne ba shi ba.

Na ce ɗiyata, amma sai da na tsufa bakina ya iya faɗin haka. Ita ce ta fari. A yadda muka tashi, mace ba ta kula ɗan fari. Ba ki faɗin sunanshi, ba ki ɗaukar shi gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Da aka yaye ta, yayar mijina, Hajiya, ta zo daga Ƙofar Guga ta goya ta ta tafi da ita. Ita ta raine ta, ita ta aurar da ita, ita ta zauna mata jego duk haihuwar da ta yi. Ita take ce ma Inna. Ni kuwa Yaya take ce mani, yadda ta ji ƙannen mijina na faɗi. In zan yi maganarta sai in ce ɗiyar Hajiya, ko in ce waccan. Har ta yi furfura a gefen kai muna haka, kuma ban taɓa jin an zalunce ni ba, don Hajiya ta riƙe ta tsakani da Allah. Dole in faɗi wannan, saboda abin da ke tafe.

Ana nan, ana nan, sai hawan jini ya kama ta bayan haihuwarta ta ƙarshe. Ta yi shekaru tana fama, yau lafiya gobe kwance. Wata damina ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, daga nan kumburin ya hau fuska. Mijinta ya kai ta asibiti aka kwantar da ita. Likitoci suka ce ƙodarta ce ta gaji. Suka ce in an bar ta ta huta, aka bi abin da suka tsara, za ta iya farfaɗowa. In kuwa ta mutu murus, to sai wanki da inji har ƙarshen rai, in ma an samu ran.

Ban je ranar ba, ban je washegari ba. Uwa ba ta rige-rigen zuwa dubiyar ɗiyar fari. Sai da matan unguwa suka shirya na bi bayansu kamar wata maƙwabciya. Suka kewaye gadon, ni kuwa na shimfiɗa 'yar dardumata can ƙasa wajen ƙofa, na ce sannu daga nesa, na sadda kai. To wanda ke zaune ƙasa yana ganin abin da na tsaye ba ya gani.

Ƙarƙashin gadon, bayan buta da kwanon abinci, an ja wani tsohon zane an rufe wani abu. Iskar fanka ta ɗaga gefen zanen, sai ga robobi. Robobin ruwa da na lemo, manya da ƙanana, har da wata 'yar jarka. Wata ruwan cikinta baƙi ƙirin, wata ja kamar jinin da ya kwana, wata kore da kumfa a samanta, wata ta kumbura don tsami har gindinta ya ƙi zama. Kusa da su kuma ledar fitsari ce rataye jikin ƙarfen gado, wadda aka sa mata don a riƙa auna abin da ƙodar ke fitarwa. Robobi cike, leda kuwa ɗan abin da ke cikinta bai kai a jiƙa tsumma ba.

Ina nan zaune na ga yadda ake yi. Mace ta shigo, ta gaisa, ta yi ya jiki, ta waiga ta ga ba nas kusa, sai ta zaro roba daga cikin hijabi. "Wannan wata ƙanwar maƙwabciyarmu ta sha, ita da har an fidda rai." Ba ta tafiya kuma sai an sha gabanta. Ita kuwa mai jinya ta karɓa da hannu biyu, ta runtse ido, ta shanye, ta ce an gode Allah shi saka. In ta ƙi, ta raina babba. In ta ce sai an jima, ta zargi mutum da nufin sharri. Haka za ta sha na gwaggon miji, ta sha na matar limami, ta sha na ƙawar Hajiya, duk a yini guda, duk cikin ciki guda. Na Hajiya shi ne babba. Shi a fulas ɗin shayi take juye shi don kada ma'aikata su gane, safe da rana da yamma.

Likita ya zo zagaye ina nan. Yaro ne dogo, idonshi duk gajiya. Ya duba ledar, ya duba takardarshi, ya ɓata fuska.

"Hajiya, akwai abin da take sha ban da namu?"

"Wane abu kuwa, ɗan nan? Sai ruwan addu'a."

"Ko na gargajiya, ko ɗan jiƙo haka?"

"Mu da muka kawo ta wurinku?"

Duk matan suka gyaɗa kai, har da wadda robarta ba ta gama hucewa daga ɗumin jikinta ba. Ya wuce gado na gaba. Kafin ya kai ƙarshen ɗakin an buɗe fulas. Warin ya iso har inda nake, wari ne kamar na kwatar da aka zuba ma turare.

Akwai wata mata mai farar riga da ke yawo ɗakunan, ita ba likita ba, ita ba nas ba. Malamar haɗa magunguna ce daga jami'a, tana bin gado-gado tana roƙon a ba ta ragowar duk wani maganin gargajiya da mara lafiya ya sha, wai za su bincika. Matan sun sa mata suna mai kwasar asiri. Da an hango ta sai ka ji ana tura robobi can ƙurya da dunduniya. Ni a bakin famfo muka haɗu, ina alwalar azahar tana wanke hannu.

"Sannu Iya, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Wace ce taki?"

"Ta gadon bakin taga. Ɗiyar yayar mijina ce."

Ta dubi fuskata ta ɗan jima. "Kun yi kama ƙwarai," in ji ta. Na ci gaba da alwalata.

Na tambaye ta gaskiya ne asirin mutane suke kwasa su kai ma Turawa. Ta yi dariya har da riƙe famfo. Ta ce, "Iya, da asirin ne ma da sauƙi. Mu ɗaki gare mu guda inda muke gwada ganye da saiwa, mu ga mi ke cikinsu, nawa ke magani, nawa ke zama illa. Sabara ma muna kan aikinta yanzu, kuma tana da abin kirki. Amma na cikin robobin nan, mafi yawa ba wanda ya san abin da aka zuba. Likita kuwa in bai san abin da mutum ke sha ba, lalube yake cikin duhu."

Da Hajiya ta fita salla na ɗauko roba ɗaya daga irin wadda take juyewa a fulas, na sa cikin mayafi na kai mata. Ta tsiyaya kaɗan a wata 'yar kwalba. Na karɓa na shinshina. Na ce mata akwai maɗaci, kaɗan, don a ji ɗaci a ce magani ne. Akwai kanwa. Sauran hancina bai san shi ba, kuma ba daga daji ya fito ba.

Ta ce, "Gwajin sai an kwana biyu. Amma kada a jira ni, Iya. A daina ba ta tun yau."

Na ce, "Ba ni da bakin faɗa."

"To wa ke da shi?"

Na ɗauki butata na koma ciki.

Ba a tunkarar yayar miji da zato, balle a kan ɗiyar da ita ta raina. In zan buɗe baki, sai na gani da idona. Jikin robar akwai takarda manne, ni ban iya karatu ba, amma akwai hoton mai maganin da rawani da tasbaha, kuma duk garin nan an san motarshi. Da safe na tari mai kurkura, keken hayar nan mai ƙafa uku, na ce ya kai ni wajen Ƙofar 'Yandaka, inda yake tsayawa talla. Tun daga nesa na jiyo lasifika. Yana kiran cututtuka ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran awakinshi, basir, sanyi, ƙoda, hanta, suga, daga nan ya gangara kan al'aurar maza da mata yana faɗin sunayensu gatsal, 'yan mata na wucewa makaranta, dattawa na tsaye suna miƙa hannu. Na toshe kunne da gefen mayafi. Wata mai tuyar ƙosai ta kwatanta mani gidanshi, can cikin lungu.

Tsohuwa ba a hana ta shiga gida. Na yi sallama na shiga. Matarshi na tsakar gida gaban turmi, yarinya ce ƙarama da goyo, ta tare ni da fara'a ta ba ni kujera, a zatonta mai saye ce ta biyo gida.

Zan faɗi abin da na gani yadda na gan shi. Duro biyu ne a rana, irin waɗanda ake kawo man inji a ciki, har yanzu da baƙin maiƙo a bakinsu. An cika su da ruwan rijiya, rijiyar kuwa bango ɗaya suka haɗa da masai. Saman ruwan wata fata ta kwanta mai ƙyalli, ƙudaje sun yi mata baƙi. Cikin ɗaya akwai 'yan itatuwa na iyo, ban san ranar da aka jefa su ba, sun yi yauƙi sun yi gashi. Gefe ga buhunan robobi da aka tsinto a bola da gidajen biki, wata da jan-bakin wata a bakinta, wata da majinar wani a ciki. Baho ɗaya ake ɗauraye su duka, ruwan ya koma toka-toka, kaji na sha suna taka ciki. Muna cikin gaisawa ta leƙa duro, ta sa ludayi ta kwaso mataccen ƙadangare, cikinshi ya kumbura ya yi fari, ta wurga shi bayan katanga, ta mai da ludayin, ta ci gaba da tambayata mutanen gida.

Abin da ke cikin turmin kuwa ba saiwa ba ce. Ƙwayoyi ne na kemis, farare da jajaye da rawaya, tana ɓare su daga fakiti tana dakawa kamar mai dakan yaji. Hannunta fari fat har gwiwa.

Na ce, "Ɗiyar nan, wannan fa?"

"Ai shi ne ƙarfin, Iya. Ganye shi kaɗai sai mutum ya yi kwanaki bai ji komi ba. Mutanen yanzu so suke su sha da safe su ji daɗin jikinsu kafin azahar. In ba su ji ba, ba su dawowa."

"Wane duro ne na ƙoda?"

Ta nuna mani tarin takardun mannawa a kan tabarma, wata da hoton ƙoda, wata da hoton mai riƙe da baya, wata da hoton mace mai ƙiba. "Duk nan ake ɗiba. Takardar ce ke rabawa."

"Ke kina sha?"

Ta ƙyalƙyale. "Ni? Ai maigidan cewa ya yi in na gama in wanke hannu da sabulu kafin in ba yarinya nono." Ta gyara goyonta. "Na ƙafa za a ba ki ko na baya?"

Na ce mata na ga abin da na zo gani. Ban kai bakin lungu ba na dafa bango na amayar da kokon da na sha. Na tuna ɗiyata tana karɓar wannan da hannu biyu tana cewa an gode, sai wani aman ya sake zuwa.

Da na isa asibiti rana ta take. Ɗakin cike da 'yan dubiya, har da dangin mijinta. Mai jinyar ta ƙara kumbura, idanunta sun zama kamar an tsaga da reza, numfashinta na fitar da zarni. Ledar babu komi sai wani ɗan baƙi-baƙi a gindi. Hajiya na zaune kan gadon ta tallafo kanta, kofi a hannu.

Na wuce inda na saba shimfiɗa darduma. Na ratsa matan, na isa har kan gadon, inda ban taɓa tsayawa ba.

"Hajiya, ajiye kofin nan."

Ta ɗago. "Da ni kike?"

"Da ke nake. In kuwa magani ne, ki fara kurɓa."

"Ni ke ciwon?"

"Kurɓa kawai na ce."

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi matan. "Ku ji mani. Yau uwa ta tuna ta haihu."

Wata daga baya ta ce, "Ɗiyar fari ce fa, Yaya." Wata ta ce ƙasa-ƙasa, amma don in ji, "Tsufa ya fara cinye kunyar."

Hajiya ta ce, "Ni na wanke mata kashi. Ni na zauna da ita da ƙyanda har ta warke, kina gidanki kina kau da kai. Yau ni za ki ce ina kashe ta?"

"Ban ce kina kashe ta ba. Na ce daga gidan da ake yin shi nake."

Na faɗa masu duka, ban rage ba. Duro da maiƙo, rijiya da masai, majina, kaji, ƙadangare, turmi. Wata cikin dangin mijin ta toshe baki ta fita da sauri, ashe ita ma shi take sha don ciwon gwiwa. Hajiya kuwa ba ta saki kofin ba. Ta ce mutum nawa suka sha suka miƙe, ta ce mutumin da rawani yake, ta ce hassada ce irin ta masu jiƙo.

Sai ita mai jinyar ta motsa. Ta miƙa hannunta da ya kumbura kamar an hura, tana neman kofin. Muryarta da ƙyar take fita.

"Yaya, ki bari in sha, ba komi. Kada ran Inna shi ɓaci."

Duk ƙazantar da na gani a gidan can ba ta tayar mani da zuciya kamar wannan maganar ba. Mace mai 'ya'ya, tana kan hanyar kabari, abin da ke damunta kada ran wani ya ɓaci. Kuma mu muka koya mata. Dukanmu da ke tsaye a ɗakin, haka aka raine mu, haka muka raini namu, muna kiran shi tarbiyya.

Na fizge kofin na kife shi a ƙasa. Na durƙusa, gwiwoyin nan nawa na ƙara, na yaye zanen, na riƙa jawo robobin ɗaya bayan ɗaya ina turo su tsakiyar ɗaki. Wadda ta kumbura ta fashe, warinta ya kori na kusa. Nas ta taho tana faɗan wa ya ɓata mata ƙasa, da ta gani sai ta juya ta kira likita.

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya tsuguna ya dubi robobin, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan. Sannan ya matsa kusa da mai jinyar.

"Tun yaushe kike sha?"

"Tun kafin a kawo ni."

"Wanne daga ciki?"

"Duk wanda aka kawo."

"Mi ya hana ki faɗa mani?"

"Iyayena ne, likita."

Ya shafa fuskarshi da hannu biyu. Ya ce a kira mijinta yanzu, yau za a fara yi mata wankin ƙoda, ba sai gobe ba. Ya ce ba zai yi mana alkawarin komi ba. In fitsari ya dawo, to ƙodar ta farka. In bai dawo ba, mu shirya ma zama da inji.

Aka sa mata bututu a wuya. Na ga jinin ɗiyata na fita ta cikin roba, yana zagaya wani inji mai ƙugi, yana komawa. Na roƙi a bar ni in zauna kusa, aka bar ni. Hajiya ta yi fushi ta tafi Ƙofar Guga, washegari da hantsi sai ga ta ta dawo, ba fulas. Ta zauna wancan gefen gadon, ni wannan gefen. Ba ta gaishe ni ba, na gaishe ta ba ta amsa ba. Haka muka yi ta zama, a kai ta wanki a dawo da ita, mu duka biyun idonmu na kan leda. Labari kuwa ya zagaye dangi, wai na zubar da mutunci gaban surukai a kan ɗiyar fari. Masu zuwa dubiya suka ragu. Wadda ta zo da wani abu cikin hijabi, da ta gan ni sai ta gaisa a tsaye ta koma da kayanta.

Kwanci tashi, malamar magunguna ta neme ni. Ta ce sun gwada. Cikin na Hajiya akwai ƙwayar kashe ciwo mai yawa, irin wadda mai ciwon ƙoda ko guda ba a so ya sha. Akwai ƙwayar nan da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Akwai kanwa, akwai kuma ƙazantar bayan gida. Sauran robobin ma ta kwashe ta duba. Ta ce ɗaya ce kawai jiƙon gaskiya, ganye ne da ruwa mai tsabta, wata tsohuwa ta kawo daga ƙauye.

Na ce, "To ai shi da an bar ta da shi."

Ta girgiza kai. "Shi ma ba lokacinshi ba ne, Iya. Ƙodar da ta gaji ko ruwan sha auna mata ake. Da naki ne ma, wanda kika jiƙa da hannunki, cewa zan yi a dakata."

Maganar ta ɗan sosa ni, amma na tuna uwata ma akwai ciwon da take cewa ba nata ba ne. Malamar ta ce za ta kai abin da suka gano inda ya kamata a kai. Ta kuma roƙe ni in sami rana in zo ɗakin gwajinsu in nuna masu yadda ake jiƙa sabara a gidanmu, wane ganye ake tsinka, wane ake bari, don abin da suke samu a kasuwa duk a gauraye yake. Na ce sai mai jiki ta tashi.

"Ɗiyar yayar mijin naki?" in ji ta, tana murmushi.

Na ce ta kiyaye ni.

Ko ta kai ko ba ta kai ba, ni dai ban ga an taɓa mutumin ba. Har yau motarshi na bi ta bakin unguwarmu, lasifika na ambaton abin da ba a ambata, kuma har yau mata na aika a sayo masu. In na ji shi nakan bar abin da nake ci. Akwai ranar da na ga irin robar a ɗakin wata jikanyata, ta ce ai don ta ɗan ciko ne. Ban yi mata dogon zance ba, na kai ta bakin kwata na sa ta juye da hannunta.

Amma in koma asibiti. Wata safiya, bayan an kai ta wanki an dawo ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ina zaune ina jan carbi, ita tana barci. Rana ta shigo ta taga ta sauka kan siririn bututun da ke gangarowa zuwa ledar. Sai na ga wani abu na tafiya cikinshi a hankali, rawaya, garau. Ya ɗiga. Wani ya biyo shi. Na daina jan carbin. Ni da na yi shekaru ina wanke fitsarin 'ya'ya da jikoki ina yamutsa fuska, ran nan na durƙusa gabanshi ina kallo kamar an zubo zinariya.

Na kira nas, ta zo ta auna, ta kira likita. Ya duba ya ce ta fara farkawa. Ya ce kada mu yi saurin murna, ba za ta koma kamar da ba, wani sashe ya riga ya tafi. Magani ne har iyakar rai, ba gishiri mai yawa, ba kanwa, kuma duk abin da za ta kai baki da sunan magani, na kemis ne ko na daji, a fara kawo mashi ya gani. Amma in aka ci gaba haka, yana sa ran za a raba ta da inji.

Ya fita. Bakin gadon ya rage mu biyu da mai barci. Hajiya, wadda tun ranar kofi ba ta ce mani kanzil ba, ta taso daga wancan gefen tana dafa ƙarfen gado, ta zagayo, ta tsaya bisa kaina tana ƙifta ido.

"Ƙaruwa yake, ko idona ne?"

"Ƙaruwa yake, Hajiya."

"To matsa mani in gani."

Na matsa. Ta durƙusa da ƙyar kusa da ni.